Idan akuya ta fara nishi: ciwon huhu a gidajen Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu

A ƙauyukan Hausawa da ke gaɓar kogin Shuɗin Nilu a Sudan, tun daga kewayen Wad Madani har zuwa Sinnar da Sinja da Damazin, da wuya a shiga gida a rasa akuya a turke. Yawancinsu na mata ne. Nononta ake zubawa a shayin safe, ɗanta ake kai wa kasuwa idan rashin lafiya ta taso ko aka nemi kuɗin makaranta. Akuya ita ce asusun matar ƙauye.

Babu abin da ke saurin fasa wannan asusu kamar ciwon da ke kama numfashi. Yakan fara da ɗan tari da majina, a ce mura ce za ta wuce, kafin mako ya zagayo sai a wayi gari turke ya zama wayam. Likitocin dabbobi sun daɗe da sanin waɗannan cututtuka, kuma manyan cikinsu suna da allurar rigakafi. Amma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya nisanta likita da ƙauye. Saboda haka idon mai dabba ne ke fara gane ciwo, kuma abin da ya yi a kwana biyun farko shi ke raba asarar akuya ɗaya da asarar garke.

Yankin da dabbobi ke cuɗanya

Zaman Hausawa da Fulani a wannan yanki ya haura shekara ɗari. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas, suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, a garin da har yau ke amsa sunansa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aikin noman auduga na Jazira ya jawo ƙarin mutanen Yamma, ciki har da mahajjatan da suka tsaya neman guzuri suka zauna. Wasu sun kafa ƙauyuka a bakin kogi suna su da noman lambu, wasu sun zauna a unguwannin ma'aikatan gona da ake kira kanabi.

Tsarin noman yankin shi ke haɗa dabbobi. Idan aka girbe dawa da gyaɗa aka tsince auduga, makiyaya kan shigo da garkunansu su ci kara da harawa. Awakin gida, waɗanda akasarinsu irin Nuba ne masu dogon kunne da yawan nono, suna kiwo a fili ɗaya da baƙin dabbobi, suna shan ruwa a magudana ɗaya. Da yawa daga ƙauyukan kuma yaro ɗaya ke tattara awakin unguwa ya fita da su da safe ya dawo da yamma. Idan ɗaya ta kwaso ciwo, ta kwaso wa kowa.

Rikici ya ƙara dagula lamarin. Faɗan ƙabilanci na watan Yuli da na Oktoban 2022 a jihar Shuɗin Nilu ya raba dubban mutane da gidajensu, Hausawa da yawa a ciki. Daga baya dakarun RSF suka kama Wad Madani a Disamban 2023, suka kama Sinja a ƙarshen Yunin 2024. Sojojin gwamnati sun karɓe Sinja a Nuwamban 2024, sun karɓe Wad Madani ranar 11 ga Janairun 2025. A tsakanin nan an yi gudun hijira da dabbobi, an sace wasu, an sayar da wasu a kan tilas, kuma masu komawa gida suna sayen sababbi daga kasuwa don su sake tayar da turke. Babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na ƙasar, wanda ke haɗa alluran rigakafi kafin yaƙin, yana Soba ne a kudancin Hartum, inda yaƙin ya fara. Dabbar da ta sha tafiya da yunwa, ta cuɗanya da baƙi, ba ta kuma sami rigakafi ba, ita ce ciwon huhu ya fi nema.

Yadda ake karanta numfashi

Akuya ko tunkiya mai lafiya, idan tana hutawa a inuwa, takan yi numfashi kamar sau 15 zuwa 30 a minti ɗaya. Ƙananan 'ya'ya sun ɗan fi haka. Ƙirgawa ba ta buƙatar komai sai agogon waya. A tsaya nesa kaɗan, a dubi kwiɓinta, a ƙirga tashi da saukarsa na rabin minti, a ninka biyu. An fi samun gaskiyar lamari da asuba, kafin rana ta yi zafi. Dabbar da ke haki da tsakar rana a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Jazira ke wuce digiri 40, mai yiwuwa zafi ne kawai. Wadda ke haki da sanyin asuba tana da matsala.

Abu na biyu shi ne zafin jiki. Na akuya mai lafiya yana tsakanin digiri 38.5 da kusan 40. Ma'aunin zafin jiki irin na kantin magani ya isa, a shafa masa ɗan mai a sa ta dubura. Idan ya haura 40 da safe, zazzaɓi ne. Wannan ɗan ƙaramin kayan aiki ya fi kwalbar allura amfani a gida, domin shi ke bambanta ciwo mai yaɗuwa da atishawar ƙura.

Sai kuma tsayuwa da sauti. Akuyar da ta ware kanta daga 'yan'uwanta, ta buɗe ƙafafun gaba, ta miƙa wuya, tana numfashi da ciki, kirjinta ke ciwo. Idan ta kai ga buɗe baki da fitar da harshe da kumfa, ciwon ya yi nisa. A duba hanci a ga ko majinar ruwa-ruwa ce ko mai kauri kamar mugunya. A duba ido, a buɗe baki a dubi dasashi, a kuma dubi ƙasan wutsiya ko akwai zawo. Waɗannan alamu su ne likita zai tambaya ko da ta waya ce.

Annobar awaki da tumaki

Cuta ta farko da ya kamata a yi zargi ita ce wadda ake kira PPR, daga sunanta na Faransanci, peste des petits ruminants, wato annobar ƙananan dabbobi masu tuƙa. An fara bayyana ta a Kodebuwa a 1942. A Sudan ta ɓulla a yankin Gadarif a 1971 da kuma Sinnar a 1972, kuma da farko an ɗauka ciwon bushiya ne na shanu, don ƙwayoyin cutar biyu dangin juna ne. Yau tana cikin ƙasashe fiye da 70 a Afirka da Gabas ta Tsakiya da Asiya.

Daga kamuwa zuwa bayyanar alamu yakan ɗauki kwana 4 zuwa 6. Zazzaɓi ke fara zuwa, ya kai digiri 40 zuwa 41. Ido da hanci su riƙa zubar da ruwa, daga baya ya yi kauri ya bushe, har fatar ido ta manne, ƙofar hanci ta toshe. Gyambo ya fito a dasashi da leɓe da harshe, baki ya riƙa wari, dabba ta kasa ci. Bayan kwana biyu ko uku sai zawo mai ƙarfi, sai tari da wahalar numfashi. Masu ciki sukan yi ɓari. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce cutar na iya kama kashi 90 cikin ɗari na garke, ta kashe kashi 30 zuwa 70 na waɗanda ta kama. Ƙanana da suka wuce wata uku ko huɗu, waɗanda kariyar nonon uwa ta ƙare musu, su suka fi mutuwa.

Abin da ke fallasa PPR shi ne haɗuwar abu uku a jikin dabba ɗaya: majina da kwantsa, gyambon baki, da zawo. Tana kama awaki da tumaki duka, ko da yake ta fi tsanani a awaki. Ƙwayar cutar bairos ce, don haka babu allurar da ke kashe ta. Dabbar da ta tsira kuwa ba ta sake kamuwa, kuma ba ta ci gaba da ɗauke da cutar. Ba ta kama mutum.

Abu Nini

Cuta ta biyu makiyayan Sudan na kiranta Abu Nini, suna mai tuna wa mai ji kalmar Larabci ta anin, wato nishi. Ciwon huhun awaki ne mai yaɗuwa, kuma wata ƙwayar cuta ce daga dangin maikofilasma ke kawo shi. An fara rubuta bayaninsa a Aljeriya a 1873, inda makiyaya ke ce masa bu farida, saboda yawanci huhu ɗaya yake ci ya bar ɗayan. Sai a 1976 aka iya ware ƙwayar a Kenya, ba da daɗewa ba kuma aka same ta a awakin Sudan.

Abu Nini ciwon kirji ne zalla. Akwai zazzaɓi mai zafi, tari mai ƙarfi da ciwo, da nishi a kowane numfashi. Babu gyambon baki, kuma zawo ba ya cikin manyan alamunsa. Idan ciwo ya shiga unguwa yana kayar da awaki yana ƙyale tumakin da ke kwana tare da su, to Abu Nini za a fara zargi. A garken da bai taɓa haɗuwa da shi ba yana iya kama kusan kowace akuya, ya kashe fiye da rabi. Mahauta sun san kamanninsa: ruwa mai launin ɗorawa cike da kirji, huhu ɗaya ya yi tauri kamar hanta, ya manne da haƙarƙari.

Ta iska yake yaɗuwa, daga tarin mai ciwo zuwa hancin mai lafiya, musamman inda aka cunkushe dabbobi da dare. Shi ya sa ya fi tashi a lokacin ɗari da kuma farkon damina, da bayan doguwar tafiya. Bambancinsa da PPR mai muhimmanci ne, domin shi yana jin magani idan aka fara da wuri. Sai dai akuyar da ta warke na iya ci gaba da ɗauke da ƙwayar, ta shafa wa wasu daga baya.

Masu kama da su

Akwai tarin da ba annoba ba. Ciwon huhu na yau da kullum yakan zo daga ƙwayoyin cutar da dama suna zaune a hanci da maƙogwaron dabba mai lafiya. Idan ruwan sama ya doke ta, ko ta sha wahalar mota, ko yunwa ta raunana ta, sai su gangara huhu. Wannan yakan kama ɗaya ko biyu, ba ya share unguwa, amma shi ne ke biyo bayan PPR ya ƙarasa dabba.

Tsutsar hanci ma tana ruɗar mutane. Wani ƙuda ne ke ajiye 'ya'yansa a ƙofar hancin tunkiya ko akuya, su shige ciki su girma. Dabba ta riƙa atishawa, tana girgiza kai, tana goga hanci a ƙasa, majina mai kauri na zuba, amma babu zazzaɓi kuma tana cin abincinta. Maganin tsutsa irin ivermectin ke kashe ta. Ƙurar habub, guguwar da ke tasowa gab da damina, ita ma takan sa tari na kwana ɗaya ko biyu ba tare da zazzaɓi ba.

Abu biyu kuma na gaggawa ne, kuma ba su da alaƙa da huhu. Na farko kumburin ciki, inda kwiɓin hagu ke cika da iska har ya danne kirji. Na biyu gubar gyauro. Tohon dawa ko na ciyawar Abu Saba'in da ake nomawa a Jazira, idan yana ƙarami ko fari ya taɓa shi, yana ɗauke da gubar da ke hana jiki amfani da iska. Dabba ta dawo daga gona tana haki, tana rawar jiki, ta faɗi cikin ƙasa da sa'a ɗaya. Ciwon da ya zo farat ɗaya bayan kiwo, a fara tambayar abin da aka ci.

Na ƙarshe mai dabba ne ke jawo shi da hannunsa. Idan aka ɗaga kan akuya sama aka yi mata ɗura da kwalba, ruwan magani ko na kanwa na iya bi ta maƙogwaron iska ya shiga huhu. Bayan kwana biyu sai zazzaɓi da tari. A riƙe kai daidai, a zuba kaɗan-kaɗan ta gefen baki, a bar ta ta haɗiye.

Abin da allura ke yi da wanda ba ta yi

A kasuwannin ƙauye, daga Jazira har Maraɗi, maganin da aka fi sani shi ne oxytetracycline, sai tylosin. Dukansu suna aiki a kan Abu Nini da ciwon huhu na yau da kullum, idan an ba da su tun farko, daidai nauyin dabba, kuma aka cika kwanakin da aka rubuta. A kan PPR ba sa taɓa bairos ɗin, amma suna tare ciwon huhun da ke biyo baya. Abin da ke ceton mai PPR shi ne jinya: a goge ido da hanci da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a ba ta ruwan gishiri da sukari saboda zawo, a ba ta abinci mai laushi kamar kunun dusa da ɗanyen ganye, a ajiye ta a inuwa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne allura ɗaya a daina da an ga sauƙi, ko a raba abin akuya ɗaya wa uku. Wannan yana kwantar da ciwo ne ba ya kashe shi, kuma yana koya wa ƙwayar cuta jure magani. Kwalbar da ta yini a rana a teburin kasuwa, ko wadda kwanan watanta ya wuce, ƙarfinta ya ragu. Allura ɗaya da ake bin dabbobi da ita ba tare da an tafasa ta ba tana iya raba wata cutar. Haka kuma kowane magani yana da kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a ci nama, kuma suna rubuce a jikin kwalba. A gidan da yara ke shan nonon akuyar kullum, wannan ba abin wasa ba ne.

Inda ake da rigakafi, ya fi komai araha. Allurar PPR da aka fi amfani da ita a Afirka ana kiranta Nigeria 75/1, domin daga ƙwayar da aka samo a Najeriya a 1975 aka haɗa ta. Cibiyoyi irin su ta Vom kusa da Jos, da LANAVET ta Garwa a Kamaru, da ta Bamako suna sarrafa ta. Allura ɗaya na kare dabba aƙalla shekara uku, wanda kusan shi ne tsawon zaman akuya a turke. Ana yi wa waɗanda suka kai wata uku zuwa huɗu. Rauninta zafi ne: dole ta zauna cikin sanyi, kuma da an dama ta a yi amfani da ita cikin kamar sa'a biyu. Shi ya sa ya fi kyau unguwa ta tara dabbobinta wuri ɗaya ranar da ma'aikata za su zo. Abu Nini ma yana da tasa allurar, wadda ake yi a Kenya da Habasha, amma kariyarta kamar shekara ɗaya ce, kuma ta fi wuyar samu. Rigakafi ba ya warkar da wadda ta riga ta kamu.

Zomo da ɓeran Masar

Kusa da turken uwa sau da yawa akwai kejin yara. A garuruwan Hausa yara maza na kiwon zomo da tantabara, wasu kuma har da ɓeran Masar, wanda masu Faransanci ke kira cobaye. Duk da sunansa, asalinsa daga tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, kuma a yammacin Kamaru da gabashin Kwango ana kiwonsa don nama. Waɗannan ƙanana ba sa ɗaukar PPR ko Abu Nini, amma ciwon numfashi na cikin manyan abubuwan da ke kashe su, kuma dokarsu ta sha bamban da ta akuya.

Numfashinsu mai sauri ne tun asali. Zomo na yin 30 zuwa 60 a minti, ɓeran Masar kuwa daga 40 har zuwa 100, don haka ƙirga ba ta da amfani sosai. Ta hanci suke numfashi, saboda haka wanda aka gani ya buɗe baki yana jan iska yana gab da mutuwa. Dabbobi ne da a daji ake farautarsu, sun saba ɓoye ciwo. Alamun farko su ne atishawa, kwantsa, jiƙaƙƙen hanci, gashi ya tashi, da ƙin abinci. A zomo akan ga gashin cikin ƙafafun gaba ya dunƙule saboda goge majina. Ɓeran Masar da ya yini bai ci ba yana cikin haɗari, domin hanjinsa ba ya jure zama babu abinci.

Abu uku ke jawo masa ciwon huhu. Na farko haɗa shi keji ɗaya da zomo. Zomo na iya ɗauke da ƙwayar cutar Bordetella ba tare da ya nuna komai ba, ita kuwa tana kashe ɓeran Masar. Na biyu ƙarancin bitamin C. Kamar ɗan Adam, jikinsa ba ya haɗa wannan sinadari, dole ya samu a abinci kullum. Dusa da busasshiyar ciyawa kaɗai ba su isa ba, sai an haɗa da ɗanyen ganye, ɗan tattasai ko gwaiba. Na uku ƙazantar keji: warin fitsari da ƙurar shimfiɗa suna ƙona hanyar iska. Zafi ma makashinsa ne. Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24, kuma da an doshi 30 yana iya suma. A yanayi irin na Jazira, kejin kwano a rana kabari ne.

Babban gargaɗi yana kan magani. Kafson mutane irin ampicillin da amoxicillin, da penicillin, da erythromycin, suna kashe ƙwayoyin da ke taimaka wa hanjin ɓeran Masar narkar da abinci, sai zawo ya kashe shi cikin 'yan kwanaki. Zomo ma haka ne idan an ba shi ta baki. Tylosin da ke ceton akuya yana cikin waɗanda ake guje wa a ɓeran Masar. Akwai magungunan da suka dace da su, kamar enrofloxacin, amma awonsu ɗigo ne, aikin likita ne.

Matakan da ba sa cin kuɗi

Mataki na farko shi ne rabuwa. Dabbar da ta fara tari da zazzaɓi a ɗaure ta nesa da sauran, da kwanon ruwanta da na abincinta daban, kuma kada ta bi garken unguwa. Wanda ke jinyarta ya fara ba masu lafiya abinci kafin ya zo gare ta, ya wanke hannu bayan ya gama. Ƙwayar PPR ba ta daɗewa a rana, don haka shanya kwanuka da share turke suna taimakawa.

Na biyu shi ne killace baƙuwa. Duk dabbar da aka sayo, ko aka kawo kyauta, ko aka dawo da ita daga kasuwa ba a sayar ba, ta yi kwana 21 ita kaɗai kafin ta shiga cikin sauran. Wannan ya fi muhimmanci a makonnin da ke gaban Babbar Salla, lokacin da raguna ke yawo daga kasuwa zuwa kasuwa, da kuma yanzu da masu komawa gida ke sake sayen dabbobi. Akuyar da aka karya wa farashi ba dalili, a duba hancinta da bakinta da ƙasan wutsiyarta.

Na uku wurin kwana. Rumfa mai tare ruwa da iskar ɗari, amma mai buɗaɗɗen sama da iska ke ratsawa, ta fi rufaffen ɗaki. Idan mutum ya durƙusa daidai tsayin akuya ya ji warin fitsari na yaji a ido, to huhunta na shan wannan duk dare. Hayaƙin murhu da na korar sauro a rufaffen wuri shi ma yana ƙara ciwo.

Na huɗu ya fi wuya, domin ya shafi aljihu. Idan ciwo ya shiga, zuciya kan raya wa mutum ya kai sauran kasuwa kafin su faɗi. Ta haka annoba ke tsallakawa daga ƙauye zuwa ƙauye, ta dawo wa mai ita ta hannun maƙwabci. Abin da ya dace shi ne a sanar da mai unguwa ko shehin ƙauye da ofishin dabbobi mafi kusa, a dakatar da kiwon haɗaka na ɗan lokaci. Hoton baki da ido da hancin dabbar, ko na huhun wadda ta mutu, idan aka tura wa likita ta WhatsApp, yakan isa ya ba da shawarar farko.

Game da yanka kuwa, PPR da Abu Nini ba sa kama mutum, amma ba kowane zazzaɓin dabba aka san asalinsa ba. A ƙarshen 2007 zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla a jihohin Farin Nilu da Sinnar da Jazira, ya kashe mutum fiye da 200, kuma taɓa jini da naman dabba mai ciwo na cikin manyan hanyoyin kamuwa da shi. Idan ana yawan ɓari a garke bayan ruwa mai yawa, ƙanana na mutuwa, kada a yanka, kada a taɓa abin da aka ɓarar da hannu tsirara. Mushe a binne shi da zurfi, nesa da magudanar ruwa.

Cutar da ba ta san iyaka ba

A 2011 duniya ta ayyana kawar da ciwon bushiya na shanu baki ɗaya, bayan shekaru ana rigakafi ƙasa bayan ƙasa. A 2015, a wani taro a Abijan, FAO da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya suka ɗauki alkawarin yi wa PPR haka nan da 2030. Kayan aikin suna nan: allura mai araha, mai daɗewa, da cutar da ba ta ɓuya a jikin wadda ta warke. Abin da ke kawo cikas shi ne wuraren da ma'aikata ba sa iya kaiwa, kuma Sudan ta shiga sahunsu tun 2023, ko da yake FAO da ma'aikatan dabbobi na jihohi sun ci gaba da kai rigakafi inda hanya ta buɗe.

Hanyar da ta kawo kakannin mutanen Mai Wurno daga Sakkwato ta Borno da Chadi har yau dabbobi na bin irinta, kuma tarin da ake ji a turke a Sinnar shi ake ji a Garwa da Damagaram da zangon Kumasi. Duk inda mai kiwo yake, abin da ake nema gare shi bai canza ba: ya dubi numfashin dabbobinsa da asuba, ya ware wadda ta canza, ya killace baƙuwa mako uku, kuma ranar da aka ji shelar masu rigakafi sun iso, ya kai har 'yar ƙaramar da ta cika wata huɗu.